Hoton da aka tsufar da gangan

Wata sana'a ta kankama a Samaru da Sabon Gari na Zazzau, kuma ba na jin za ta mutu nan kusa. Saurayi da budurwa za su je wurin mai hoto kafin biki, ko ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ranar bikin al'adu, a ɗaura wa yarinya zanen saƙi a ƙirji, a ɗora mata ƙwarya, a ja mata zane uku a kumatu da kwalli. Shi kuma gogan a ba shi hula haɓar kada da gora. Mai hoto ya ɗauka da kyamarar da ta fi kuɗin babur, ya koma kan kwamfuta ya zuƙe launin, ya zuba masa ɗigo-ɗigo, ya dusashe gefe, har hoton jiya da yamma ya koma kamar wanda aka tono daga adakar kaka.

Ba ni da ja da wannan. Yaron da ya nemi sanin yadda ake naɗa rawani ya fi wanda bai taɓa tambaya ba. Damuwata ita ce irin dā ɗin da ake nuna mana.

A yawancin hotunan nan, zamanin dā na nufin talauci. Riga ce mai faci, ƙafa ba takalmi, fitilar aci-bal-bal a gefe, sai a washe baki ana kwaikwayon gidadanci. Irin wannan tunanin ne a abin da ake kira ranar ƙauyawa a bukukuwan aure, wanda hukumar tace finafinai ta Kano ta hana a 2025. Amma Zazzau ba haka take ba. Ƙasar auduga ce da masaƙa da marina da maɗinka. Riga aska takwas sai ta ci watanni a hannun mai ɗinki. Akwai tsamiya, akwai barage mai ja, akwai kore da aka buga da shuni har take ƙyalli tana barin baƙi a jikin mai ita, kuma wannan baƙin abin taƙama ne. David Heathcote, wanda ya koyar a sashen zane na jami'ar nan, shekaru ya yi yana nazarin ɗinkin rigunan Hausa, har aka baje kolin kayan fasahar Hausa a Landan a 1976. Aikin a Samaru aka yi shi, tafiyar ƙafa daga inda ake ɗaukar hotunan ƙwarya.

Abin dariyar ma, jeka ka duba ainihin tsofaffin hotunan da ke gidajenmu. Sabon Gari ta tashi ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, kuma a nan shagunan masu hoto suka yawaita, galibinsu baƙi daga kudu. Wanda ya je ɗaukar hoto a shekarun 1960 ba ƙwarya yake riƙewa ba. Hannun riga yake turewa don agogo ya fito. Wani ya jingina da keke Raleigh, wani ya rungumi rediyo, wani ya soke alƙalami a aljihu ko da bai iya rubutu ba. Mata su ci kwalliya da atamfa da sarƙa, a zauna a miƙe, hannu bisa gwiwa, ba murmushi, don hoto ba wasa ba ne. Haka Seydou Keïta ya riƙa yi a Bamako tun 1948, yana ajiye agogo da rediyo a shagonsa don masu aro. Su mutanen dā suna neman a gan su 'yan zamani, jikokinsu kuma suna biyan kuɗi a mai da su abin da kakannin ba su taɓa yarda a ɗauke su a ciki ba.

Sai batun launi. Baƙi da fari ba zaɓin mutanen dā ba ne, iyakar abin da ake samu a shagunan hoto ke nan. Wanda ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke da jajayen rigunan dogarai ya san cewa dā ɗinmu mai launi ne. Idan ka sami rigar barage ta gaske, ka sa wa mutum, sannan ka kashe jan, me ka adana?

Inda abin ya fi damuna shi ne bayan hoton ya bar hannun mai shi. Shekara biyu sai ka gan shi a Facebook, an datse sunan shago, an rubuta wai amaryar Zazzau a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Har hotunan da ake cewa na Sarauniya Amina ne suna yawo, alhali ta riga kyamara da ɗaruruwan shekaru. Sai a 1839 aka fito da hoto a Faransa. Wasu hotunan daga fim ɗin Amina na Izu Ojukwu na 2021 aka yanko su. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira tana haɗa fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Ɗalibin da ke rubuta kundinsa ya ɗauka ya liƙa, shi ke nan ƙarya ta sami lambar shafi.

Masu hoton dā suna buga hatimin shago a bayan kati, sau da yawa mai hoton kansa ko mai karɓa ya rubuta rana da shekara. Da wannan muke gane su yau. Don haka ga roƙona ga 'yan'uwa masu hoto na Samaru da Sabon Gari: ku rubuta shekara a jikin hoton, inda ba za a iya yanke ta ba. Kafin ku yi wa yaro shiga, ku nemi dattijuwar gidansu ta buɗe muku adaka ku gani, ko ku shiga cikin birni wurin masu ɗinkin hannu ku tambayi sunan kowace riga da wanda ya cancanci sa ta. Kuma idan abokin ciniki ya ce a kashe launi, ku ba shi kwafi biyu, ɗaya da launinsa.