Rediyo Ba Kayan Tsofaffi Ba Ne

Jama'a, ku daina yi wa mai rediyo dariya. Duk mai cewa waya ta kashe rediyo, ya tambayi mutanen Zamfara. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar: ba kira, ba data, ba WhatsApp. Waya mai tsada ta koma tocila. A Oktoban 2024 kuma, jihohin Arewa suka kwashe kwanaki ba wuta, ana bin layi wajen mai caji.

Wani zai ce, "Ai wayata tana da FM." Malam, FM ba ya nisa. Tashar garinku ta tsaya, ka shiga duhu. Gajeren zango kuwa sama yake bugawa ya dawo ƙasa, ya kawo maka labari daga dubban kilomita, ba ruwansa da sabis.

Ka sayi ƙarami mai rubutun SW, mai cin batir. Da rana ka laluba mita 16 da 19, da dare 41 da 49. In za ka ajiye shi, cire batir kada ya zuba.

Ranar da sabis ya ɗauke, gidan mai rediyo za ka je neman labari.