Wake Na Yara, Kowa Da Harawa Na Sa

Kaka ta yi, an gama roron wake a Tudun Kaya da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo. Wannan ne lokacin da mace mai adashi kan kama maraƙi ko rago ta turke, ta yi masa kiwon wata 3 ko 4, ta sayar ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki.

To, akwai abin da ya dame mu. Wasu sun ji cewa wake na sa dabba ƙiba, sai su ɗebo tiya guda daga rumbu su zuba wa sa, alhali yaran gidan na tafiya makaranta da koko tsura. Mu malamai muna ganin irin yaran nan suna gyangyaɗi tun kafin tara. Kusan kashi 1 cikin 4 na ƙwayar wake abinci ne mai gina jiki, wanda yaro ya fi sa bukatarsa.

Rabon sa yana nan. Harawa da kowa da dusa, da ɗan gishiri da kanwa da isasshen ruwa, su ne tushen turka. Kada a yi gaggawar sayar da harawa da kaka, a ɗaure ta a ɗora bisa rumfa, domin da bazara ta fi ƙarfin aljihu. Idan an sheƙe wake an tsince, fasasshe da wanda ƙwari suka huda su za a ba dabba. Ko a Amurka, inda ake turke shanu dubbai, irin wannan tsintar ake sa musu, kaɗan kuma ake gaurayawa, don ɗanyen wakensu na sa zawo. Mu ma a jiƙa ko a dafa, a fara da tafi guda cikin dusa, ana ƙarawa sannu sannu. Yawansa farat ɗaya na kumbura ciki.

Waken da ya yi fumfuna kuwa, ko wanda aka barbaɗa wa maganin ƙwari, kada ya kusanci turke. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, jarin shekara sai ya kwanta dare ɗaya.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka, amin.