Karatun Alƙur'ani ta salula: a share fage kafin a buɗe littafi

Sanin kowa ne cewa a ƴan shekarun nan karatun addini ya samu wata sabuwar makaranta a nan Agadas, makarantar da ba ta da zaure ba ta da tabarma, wato wayar salula. Abin ya ƙara ƙarfi ne a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta shigo Nijar cikin watan Maris, hukuma ta rufe makarantu da masallatai, sai ranar 13 ga watan Mayu aka sake buɗe wuraren ibada. Annoba ta wuce, amma karatu ta WhatsApp ya zauna, domin ya dace da rayuwar mutanenmu: direban da ke kan hanyar Arlit ko Dirku, da ɗan kasuwar da ya je saro kaya Tamanrasset, da uwa uba matar da ke tsare da teburin albasa da tumatir tun safe har la'asar, wadda ba ta da sararin zuwa makarantar matan aure.

Wannan ci gaba ne, kuma muna maraba da shi. To amma akwai wata matsala da ya kamata a dube ta da idon basira. Sau da yawa za a buɗe zauren karatu, mutane su cika shi maƙil, malam ya riƙa turo karatu kullum, amma masu mayar da karatun ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sauran sun yi tsit. Bayan wata biyu ko uku sai su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Idan ka bincika sai ka tarar kunya ce ta kore su. Mace mai jikoki, wadda ake girmamawa a kasuwa, ba za ta so ta tura muryarta tana tuntuɓe a cikin Fatiha ba, alhali ba ta san ko su wane ne ke saurare ba. Garinmu kuma mahaɗa ce ta Hausawa da Abzinawa da Tubawa da Fulani da Larabawa, kowa da haruffan Larabcin da ke yi wa harshensa nauyi. Wanda bai buɗe baki ba kuwa, ba yadda za a yi malam ya gyara masa, alhali da wannan karatun yake salla sau biyar a rana.

Don maganin haka ne wasu malamai ke ware ƴan mintoci a farkon darasi domin abin da za mu kira share fage. Malam zai yi sallama, ya kira sunan ɗalibai, kowa ya amsa da muryarsa ko da da kalma ɗaya ce. Baƙo ya faɗi sunan da yake so a kira shi da unguwar da yake. Daga nan sai a jefa tambaya mai sauƙi wadda kowa zai iya amsawa: surori nawa ne a Alƙur'ani, wace sura ce ba ta fara da Bisimilla ba, wace sura ce mutum ya fara haddacewa kuma wa ya biya masa. Wanda ya ce 114 ya ji an ce masa madalla, ko wadda ta tuna kakarta da ta koya mata Ƙulhuwallahu, ya riga ya ji muryarsa a cikin jama'a, kuma idan aka zo karatu ba zai ji nauyin sake magana ba.

Mun san akwai masu ganin wannan ɓata lokaci ne, ko ma shigo da wasan lakkwal cikin sha'anin Littafin Allah. Damuwarsu abar saurare ce, domin girmama Alƙur'ani ne ya kawo ta. Sai dai mu a wannan jarida muna ganin abin yana da asali mai ƙarfi a addini. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tambayar sahabbansa su faɗa masa wata itaciya wadda ganyenta ba ya zuba, kuma ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda yaro ne a lokacin, ya gane dabino ake nufi, amma kunyar manya ta hana shi magana, har Manzo ya ba da amsar da kansa. Da ya shaida wa mahaifinsa daga baya, sai Sayyidina Umar ya nuna masa lallai da ya so a ce ya faɗa. A nan ga kacici-kacici a majalisin da ya fi kowane majalisi daraja, ga kuma kunyar da ke rufe bakin mai sani. Haka nan lokacin da tawagar ƙabilar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, sai da Manzo ya tambayi ko su wane ne, ya yi masu maraba, sannan ya karantar da su. Shi kuma Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ce yana gudun ya gundure su, kuma ya nuna daga Manzo ya koyi haka.

Ko a gida ma ba baƙon abu ba ne. Agadas tsohon garin ilimi ne, babban masallacinmu mai hasumiya mai tsawon mita 27 an kafa shi tun ƙarni na 16, kuma har nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya biyo malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. A makarantar allo, kafin yaro ya ɗauki allonsa ya durƙusa ya gaida malam, malam ya san ubansa, ya san wanda bai karya kumallo ba, ya ga fuskar wanda bai gane ba. A makarantar matan aure ana gaisawa, a tambayi mai jiki, a yi barka da haihuwa, sannan a buɗe littafi. Duk wannan zaure ne ke bayar da shi kyauta. Salula ta kawo muryar malam, amma ta bar sanayyar a baya, saboda haka dole a nemo ta da gangan. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan, domin babu mai fara ciniki da faɗin farashi kafin gaisuwa, kuma masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma fa komai yana da iyaka. Na farko, lokaci. Ɗalibin salula da kuɗinsa yake sayen kowane minti, ga matsalar rezo, ga ta cajin waya. Mai amfani da Zoom na kyauta minti 40 kawai ake ba shi kafin a yanke. Idan malam ya cinye rabin wannan a hira, ya ci haƙƙin matar da ta cire dala ɗari daga ribar yini ta sayi intanet. Minti biyar sun isa. Na biyu, ayoyin Allah ba abin raha ba ne. Ana iya yin tambaya a kan adadin surori ko tarihin annabawa, amma ba a mayar da aya abin barkwanci, ba a kuma yi wa mai kuskure dariya. Saƙon murya ba kamar maganar zaure ba ne da iska ke ɗauka, yana nan ajiye, kuma duk wanda ya tura karatun wani waje domin a yi dariya ya ci amana, ya kamata a fitar da shi daga zauren. Na uku, sirrin mutane. Share fage ba dama ba ce ta tambayar mace ko tana da aure, ko shekarunta nawa, ko a ce ta turo hoto. Ya fi dacewa mata su sami zaurensu daban, in da hali a hannun malama, domin a zauren WhatsApp ba wuya lambar mutum ta faɗa hannun wanda bai sani ba, kuma ƙorafi ɗaya ya isa ya sa maigida ya hana matarsa karatun baki ɗaya.

Saboda haka muna kira ga malamai da su rage yawan ɗalibai a kowane zaure daidai yadda za su iya sanin kowa da sunansa, su lura da wanda ya kwana biyu bai yi magana ba, su neme shi a keɓe. Muna kira ga ƙungiyoyin addini da shugabannin makarantun Islamiyya na jihar Agadas da su zauna da malamansu su tsara wannan abu, kada a bar kowa da dabararsa. Gidajen rediyo masu shirye-shiryen addini su ma suna da rawar takawa, tun da sun daɗe da sanin yadda ake sa mai saurare ya saki jiki ya yi tambaya.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, idan malam ya kira sunanku ku amsa, idan ya yi tambaya ku gwada, ko da ba ku tabbata ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma hadisi ya tabbatar da cewa mai karatu yana tuntuɓe saboda wahalar da yake sha lada biyu gare shi. Kuɗin da kuke kashewa a kan intanet guminku ne, kada ku bari ya tafi a sauraro kawai ba tare da an gyara maku ko da harafi ɗaya ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.