Mahaɗin Dogo da Zafin Arewa: Lissafin da Ba a Aronsa

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa a tsohon layin da ya haɗa Kano da Legas ya san wannan ƙara mai maimaituwa da ke tashi daga ƙarƙashin tarago. Tushenta ɗan giɓi ne da ake bari da gangan tsakanin sandar dogo da mai bi mata, wanda ƙafar jirgi ke dira a kansa duk sa'ad da ta zo wucewa. Faɗinsa bai kai na yatsa ba, amma a kansa injiniyoyin reluwe suka shafe fiye da shekara 150 suna kai-komo. Yanzu da ake shimfiɗa sababbin layuka a Arewa, ciki har da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ya dace a dubi wannan wuri da idon basira, domin yadda aka tsara shi ne zai nuna ko layin zai jure wa zafin bazara.

Asalin matsalar ɗabi'ar ƙarfe ce: yana miƙewa idan ya ɗau zafi, yana tsukewa idan ya huce. Kowace mita ta ƙarfen dogo kan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita idan zafi ya hau da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyas. Abin kamar ba komai ba ne, sai an lissafa. A Kano zafin iska kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma ƙarfen da ke kwance a rana yana iya ɗara iska da kusan digiri 20. Da asubahin hunturu kuwa ma'auni kan sauko ƙasa da digiri 15. Ke nan tazarar da dogo ke sha a shekara ta kai digiri 45. Da wannan tazara, sanda mai tsawon mita 18 za ta miƙe da kusan santimita ɗaya, kilomita guda na ƙarfe kuma zai nemi ƙarin rabin mita. Tilas wannan ƙari ya sami inda zai shiga, ko kuwa a riƙe shi da ƙarfin tsiya.

Tsohuwar dabara ita ce a ba shi wuri. Ana kawo faffaɗan ƙarfe guda biyu a ɗora wa bakin sandunan, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, a ɗaure su da ƙusoshi masu noti guda huɗu ko shida, kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya da karan ɗori. Hujin da ke jikin dogon ya ɗan fi ƙusar faɗi, don sandar ta sami damar zamewa kaɗan idan ta miƙe. William Bridges Adams da Robert Richardson ne suka yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1847, kuma da irinta aka shimfiɗa layin da ya iso Kano a 1911, da rassan da suka biyo baya zuwa Ƙauran Namoda, Nguru da Maiduguri. Alfanunta a fili yake. Tana da araha, kuma ma'aikaci mai sifana da guduma yana iya gyara ta a ƙungurmin daji ba tare da jiran wata na'ura ba.

Illarta ma a fili take. Mahaɗi shi ne wuri mafi rauni a jikin layi. Dukan da ƙafar jirgi ke yi wa bakin sanda yana daddaƙe shi a hankali, yana sassauta notuna, yana niƙe tsakuwar da ke ƙarƙashi har wurin ya lotsa. Idan tsawon kowace sanda mita 18 ne, akwai mahaɗai kusan 110 a kowane kilomita, da notuna aƙalla 440 da ke bukatar mai duba su. Mafi haɗari shi ne hujin ƙusa, domin daga nan tsagewa ke farawa, kuma karan ɗorin ya rufe wurin, ido ba ya gani. A ranar 5 ga Nuwamba, 1967, a Hither Green da ke kudancin Landan, wani ɗan guntu ya ɓalle daga bakin dogo bayan tsagewar da ta faro daga hujin ƙusa, jirgi ya goce, mutum 49 suka rasu. Wannan haɗari ya ƙara wa hukumar reluwe ta Birtaniya azama wajen maye gurbin mahaɗai da walda.

Walda ita ce dabara ta biyu, kuma a kanta layukan zamani suka dogara. Ana haɗa sanduna a masana'anta da zafin lantarki, sannan a wurin aiki a ƙarasa da hanyar da Bajamushe Hans Goldschmidt ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, inda garin alminiyam ke ƙonewa tare da tsatsar ƙarfe, narkakken ƙarfe ya kwarara ya cike tsakanin sandunan. Da haka ake samun dogo guda mai tsawon kilomitoci ba tare da giɓi ba. Tafiya takan yi laushi, ƙara ta ragu, ƙafafun jirgi su daɗe ba su cinye ba. Babu mai musun cewa wannan ci gaba ne.

Sai dai a nan ne kuskuren fahimta ke shigowa. Da yawa suna ɗauka cewa da an yi walda an gama da matsalar miƙewa. Ƙarfen bai daina neman miƙewa ba, hana shi kawai aka yi. Maɗauran ƙarfe sun danne shi a kan gumaguman kankare, tsakuwa kuma ta riƙe gumaguman. Miƙewar da aka hana sai ta koma matsi a cikin jikinsa. A dogo mai nauyin kilo 60 a kowace mita, ƙarin digiri ɗaya na haifar da matsi daidai da nauyin kusan tan biyu. Idan matsin ya rinjayi tsakuwa, layin kan kantare gefe guda cikin ƙiftawar ido, sau da yawa a daidai lokacin da jirgi ke bisa kansa. Idan kuma sanyi ya ja shi fiye da kima, sai ya tsinke a wurin walda.

Saboda haka zuciyar tsarin ta koma kan adadi guda: ma'aunin zafin da ake ɗaure dogo a kansa, wato inda ba ya ja kuma ba ya turawa. Idan ƙarfen ya fi wannan ma'auni sanyi a ranar aiki, akan ja shi da na'ura har ya kai tsawon da zai kasance a wannan zafi, kafin a yi waldar ƙarshe. A Birtaniya an tsayar da digiri 27, domin ya dace da raninsu da hunturunsu. Wanda ya ɗauko wannan adadi ya kawo Katsina ko Jibiya, inda ƙarfe zai iya kai wa digiri 60, ya ɗora wa kowace sanda matsin kusan tan 60 a tsakar ranar bazara. Indiya, wadda ke da yanayi iri-iri, ta raba ƙasarta shiyya huɗu gwargwadon zafin dogo, kowace shiyya da lissafinta. Najeriya ma haka take bukata, domin abin da ya dace da Legas mai danshi, inda bambancin dare da rana ƙanƙane ne, ba zai dace da bakin Sahara ba. Irin wannan adadi yana fitowa ne daga auna zafin ƙarfe a wurin, shekara bayan shekara, kuma jami'o'in Zariya, Kano da Maraɗi suna da masanan da za su iya wannan aiki.

Ko a layin walda, ba a rabu da mahaɗai baki ɗaya ba. Inda ake amfani da lantarkin da ke bin dogo wajen gane ko akwai jirgi a wani sashe, dole a yanke ƙarfen a sa abin da ba ya ɗaukar wuta a tsakani, a manne shi da ƙarfi. A bakin dogayen gadoji kuma akan sa mahaɗi mai baki a fiƙe, inda sanduna biyu ke zamewa a gefen juna, domin gada na da nata motsin. Waɗannan wurare kaɗan ne, amma kowannensu yana ɗauke da nauyin da a da aka rarraba wa mahaɗai ɗaruruwa.

Akwai mai cewa, tun da haka ne, gara a tsaya ga tsohuwar hanya mai sauƙin gyara. Maganar na da ƙamshin gaskiya, musamman ga ƙananan rassa da jirgi ba ya gudu a kansu. Amma layin da ake so ya ɗauki kaya masu nauyi da gudu ba zai rayu da dubban ɗaruruwan notuna ba. Abin lura shi ne walda tana sauya irin kulawar da layi ke bukata. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta sha kokawa kan satar ƙarafan layi. A layin walda, kwashe maɗaurai ko ɗibar tsakuwa don gini daidai yake da kwance ɗaurin da ke riƙe da matsin tan masu yawa. Haka nan ma'aikacin da ya yanke guntun dogo da sanyin safiya ya sa sabo, ba tare da ya maido da tsawon zuwa ma'auninsa ba, ya ƙara wa layin ƙarfen da zai nemi wuri a watan Afrilu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Waɗanda za su taka layin Kano zuwa Maraɗi da ƙafa suna dubawa, da manoman da ke zaune a gefensa, da Hausa suke magana a ɓangarori biyu na iyaka, alhali takardun aiki na gefe guda da Turanci suke, na ɗaya gefen da Faransanci. Hausa ta riga ta mallaki walda, noti, sifana da reluwe, kuma karan ɗori ya isa ya bayyana tsohon mahaɗi ga kowa. Abin da ya rage shi ne daidaitattun kalmomi na matsi, ja, kantarewa da ma'aunin ɗauri, tare da ɗan littafin jagora da ma'aikaci zai sa a aljihu. Aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin sassan harshe da na injiniyanci, kuma lokacin yin sa shi ne yanzu, kafin a miƙa layin ga waɗanda za su yi rainonsa.