'Yar Wasa Ba Ita Ce Gaika Ba

A hutun damina da ya wuce, mu ɗaliban Gaya da Ajingi muka shirya wasan kwaikwayo a kan auren dole, don a nuna a filin wata makarantar firamare. Labarin yana bukatar mata uku. Muka nema har muka gaji, ba mu sami ko ɗaya ba. Wata ta amsa ranar Talata, ranar Laraba yayanta ya aiko da cewa 'yar gidansu ba 'yar dandali ba ce. Ƙarshenta wani ƙato daga cikinmu ya ɗaura zane ya yi lulluɓi, jama'a suka yi ta kyakyata dariya a daidai wurin da muka so su yi kuka. Abin mamaki, yayan nan da ya hana, ba ya kwana sai ya kalli fim ɗin Hausa a wayarsa.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwa labarin Zalika Souley ta Jumhuriyar Nijar, wadda aka haifa a Yamai a 1947. Tana 'yar shekara 19 Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, inda ta sa wando ta hau doki irin na kaboyi. Daga nan ta shiga hannun Oumarou Ganda. Ta fito a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin sinima na Kan a Faransa da na Mosko a 1969, kana ta fito a Le Wazzou polygame, watau fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. A cikinsa wani Alhaji ne ya dawo daga Makka ya ɗauko ta uku, yarinyar da aka riga aka yi wa miji, ita kuwa Zalika ta fito a matsayin Gaika, matar da kishi ya kai ta ga kisan kai.

To, a nan gizo ke saƙar. Ta iya wasan har ya yi mata yawa. Masu kallo suka kasa raba Gaika da Zalika, suka ɗora wa mai kwaikwayo laifin wadda ta kwaikwaya. Da harkar sinima ta durƙushe a Nijar, ta durƙushe da ita. Sa'ad da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, a 2004, duniya ta ga tauraruwar nan cikin ɗan gida ƙuntatacce tare da 'ya'yanta, ba ruwan famfo, daga baya ma sai da ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a Yuli 2021.

Kada a ce wannan ciwon baƙar fata ne kaɗai. Tatyana Samoilova ta ƙasar Rasha ta girgiza Turai da fim ɗin Letyat Zhuravli, labarin budurwar da saurayinta ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba, wanda ya ci babbar kyautar Kan a 1958. Masu shirya fim na ƙasashen Yamma suka yi ta zawarcinta, hukumomin Tarayyar Sobiyet suka hana. Amma ita hukuma ce ta daƙile ta, mutanenta ba su ƙyamace ta ba, kuma har ta rasu a 2014 finafinanta na nan a adane. Mu kuwa ba mu bukatar hukuma, bakin maƙwabta ya isa.

Adanawar ma ina muka iya ta? Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, bisa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinto shi, aka gyara a Jamus, aka nuna a bikin Balin na 2018. Sunan Umaru Ladan dai wasu sun riƙe. Amma a zagaya ɗakunan kwananmu a tambayi wace ce Mairiga Aliyu, wadda sunanta ke cikin jerin 'yan wasan, a ga mutum nawa za su ɗaga hannu.

Mun san abin da iyaye ke tsoro, kuma ba mu raina shi ba. Akwai masu shirya fim da ke cin gumin yarinya ba takarda ba shaida, akwai kuma waɗanda niyyarsu ba wasa ba ce. Sai dai maganin wannan shi ne yarjejeniya a rubuce, da sanin iyaye, da biyan haƙƙi. Ƙyamar da muke nunawa kuwa ita ce ma ke taimakon macuci, domin yarinyar da danginta suka juya wa baya ba ta da wurin kai ƙara. Ku da kuka fara aiki a ma'aikatun al'adu da na ilmi, wannan a kan teburinku yake.

Namu ɓangaren ga shi. A hutu mai zuwa za mu sake wasan nan a Gaya, mu kai shi Ajingi. Wannan karon mu da kanmu za mu je zaure mu durƙusa gaban iyaye, mu karanta musu labarin daga farko har ƙarshe, mu roƙi wata malama ta zauna a duk lokacin gwaji, a kuma tashi kafin magariba. Za a buga sunan kowace yarinya a takardar shiri, dab da sunan wadda ta kwaikwaya, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Yayan nan ma za mu aika masa da katin gayyata, a layin gaba.