Matashin Ma'aikaci Da Wayar Hannu: Wa Ke Yi Wa Wani Bauta?

Duk wanda ya leƙa ofishin gwamnati, ko banki, ko asibiti a 'yan shekarun nan, zai tarar da abu guda ya game ko'ina. Matashi ne zaune bisa kujerar aikinsa, kai a sunkuye, ɗan yatsa na ta hawa da sauka a kan gilashin waya, alhali ga wani dattijo can tsaye rungume da fayil, ya baro ƙauyensu tun asuba, yana jiran a ɗago kai a dube shi. In an tambayi matashin abin da yake yi, sai ya ce saƙo kawai yake dubawa. To, wannan "kawai" ɗin ita ce ke lashe kaso mai tsoka na yinin da ake biyansa albashi a kansa.

Lamarin bai jima da somawa ba. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, lokacin da mallakar layi sai mai hali. A 2004 Mark Zuckerberg ya buɗe Facebook a jami'ar Harvard ta Amurka. Kamfanin nasa ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya ƙara da WhatsApp a 2014 kan kimanin dala biliyan 19, sannan a 2021 ya sauya suna zuwa Meta. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya kamfanin da ba ya karɓar ko kwabo daga mai buɗe shafi ya samu irin wannan dukiya? Amsar ba ɓoyayya ba ce. A 2023 kamfanin ya samu kuɗin shiga kimanin dala biliyan 135, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Wato hajar da ake sayarwa ita ce idon mai kallo da lokacinsa. Don haka ne aka tsara shafukan nan ba su da ƙarshe, ana gama wannan bidiyo wani ya faɗo, wayar kuma ba ta barin mutum ya huta da ƙararrawa. Matashin da ke ganin shi ke amfani da waya, ashe lebura ne mai aikin kyauta ga wasu attajirai na Kalifoniya, da kuɗin datar da ya cira daga albashinsa. Datar ma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗinta da na kira da kashi 50 cikin ɗari.

Babu mai musun alherin da ke cikin waɗannan kafafe. Telan da ke Fagge yana ɗora hoton ɗinkinsa a samu mai saye daga Legas ko Yamai. Malamin makaranta yana tura wa ɗalibansa darasi, injiniya yana samun aiki ta LinkedIn, ƙaramin likita a asibitin karkara yana neman shawarar na gaba da shi cikin minti biyar. Wanda duk ya ce a jefar da waya, bai san halin da neman abinci yake ciki a yau ba. Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanke hannu, kuma amana uku ce ke cikin haɗari.

Ta farko amanar lokaci. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ijara cewa wanda aka ɗauka aiki na ƙayyadadden lokaci, to lokacin nan haƙƙin wanda ya ɗauke shi ne, in ban da abin da ya zama dole kamar sallar farilla da cin abinci. Ma'aikacin da aka biya don awa takwas, ya ba TikTok uku, wane suna za a sa wa kuɗin awa ukun nan? Abin takaici, za ka ga ɗan'uwa mai tsantseni, wanda ba zai taɓa ɗaukar biron ofis ya kai gida ba, amma yana satar awanni kullum zuciyarsa ko ɗar. Wani ma hujjarsa ita ce wa'azi yake saurare ko raddi yake rubutawa. Shin wa'azin ne ya ce a bar mara lafiya kan benci yana nishi?

Ta biyu amanar sirri. Takardar sauyin wurin aiki tana yawo a zaurukan WhatsApp tun kafin ta isa hannun mai ita. Ana ɗaukar hoton wanda ya yi haɗarin mota, jina-jina, a watsa wa duniya kafin mahaifiyarsa ta ji labari. Mai irin wannan aiki yana neman a ce shi ya fara kawo labari, ya manta cewa aikin da aka ba shi ne ya buɗe masa ƙofar ganin abin da ya gani. Ko a dokar ƙasa wannan laifi ne, domin a 2023 an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, kuma a 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta kansa tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. In an iya tuhumar giwa, ina ga ƙaramin akawu?

Ta uku amanar harshe. Gulmar da a da ake yi a gindin bishiya iska ta kwashe, yanzu rubuta ta ake yi, kuma rubutu ba ya mutuwa. Matashi ya fusata da shugabansa, ya zazzage cikinsa a Facebook da tsakar dare, da safe ya goge, alhali wani ya riga ya ɗauki hoton rubutun ya adana. Masu ɗaukar aiki suna leƙa shafin mai nema kafin su kira shi. Tun 2019 Amurka take tambayar masu neman biza sunayen shafukan da suka yi amfani da su cikin shekara biyar. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya kai mutane da yawa hannun 'yan sanda saboda rubutu, ciki har da 'yan jarida. Faɗin gaskiya wajibi ne, kuma babu mai cewa a yi shiru a kan zalunci, amma zagi da ƙazafi da yaɗa abin da ba a tabbatar ba, ba su da alaƙa da jarumta. Magana zarar bunu ce.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya gefen. Wayar nan da ma'aikaci ke cutar aikinsa da ita, da ita ake cutarsa. Shugaba ya buɗe zauren WhatsApp na ofis, ya aiko da umurni ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko ranar hutu, wanda bai amsa ba a ce ba shi da biyayya. An tashi daga aiki amma aikin ya biyo mutum har kan tabarmar iyalinsa, ba tare da ƙarin ko sisi ba. A Faransa tun farkon 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki. Yadda awannin ofis suke haƙƙin mai biyan albashi, haka daren ma'aikaci yake haƙƙin iyalinsa da jikinsa da ibadarsa.

Saura mai sana'ar da ya ɗora dukkan cinikinsa a kan waɗannan shafuka. Ya kamata ya tuna shagon haya yake ciki, mabuɗin kuma yana hannun wani. Daga ranar 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, wata bakwai cur. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 4 ga Oktoban shekarar kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida a duniya gaba ɗaya. Wanda bai rubuta lambobin abokan cinikinsa a littafi ba, a ranar ya gane kayan aro ba ya rufe katara.

Mafita ba ta da wuyar faɗi, aikatawa ce sai da jihadin zuciya. Matashi ya ware wa waya lokacinta, ya kashe ƙararrawar shafuka muddin yana bakin aiki. Abin da ya gani saboda kujerarsa ya bar shi a kujerar. In ya fusata, ya kwana kafin ya rubuta. Ya yi magana da shugabansa cikin ladabi kan saƙon dare. Ya kuma ƙware a sana'arsa ta haƙiƙa, domin yawan mabiya ba ya ɗinke riga, ba ya warkar da majiyyaci.

Jama'a suna auna mai addini ne da yadda ya sallame su a bakin tebur kafin su saurari abin da ya ɗora a shafinsa. Dattijon nan mai fayil yana nan tsaye, kuma akwai ranar da za a tambayi kowa yadda ya ƙarar da lokacinsa da inda ya samo abincinsa. Allah Ya tsarkake abin da ake ci, Ya sa a fi ƙarfin zukata.