Gida Bai Ƙoshi Ba, An Kai Wa Dubai

Wani sabon yayi ya shigo cikin masu hannu da shuni na unguwanninmu, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Da can in mutum ya dawo daga tafiya, tsarabarsa dabino ne da zamzam, ko yadi da turare idan sari ya je. Yanzu tsarabar hoto ce a waya: ga Alhaji a baranda a hawa na 30, teku a bayansa, a ce maka ai nan ne gidan da ya saya a Dubai, wai na hutu. Wani nasa a Alƙahira yake. A majalisa ana miƙa wayar daga hannu zuwa hannu, ana ta "Allah ya sa alheri". Mu ma mun ce amin. Amma bayan amin ɗin akwai sauran magana.

Kada wani ya ce muna ƙyamar tafiya. Mu jikokin matafiya ne. Kakanninmu da ƙafa suka hawo dutsen nan lokacin haƙar kuza, wasu kuma a ƙaramin jirgin ƙasan da ya riƙa tasowa daga Zariya tun 1914. Kafin su, fatake sun yi ta zuwa Gwanja suna dawowa da goro. Alhassan Ɗantata ya yi kasuwanci a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, amma da dukiya ta taru Kano ya dawo da ita, shi ya sa har gobe ake cin gajiyarta a can. Bafatake yana fita ne don ya kawo gida. Namu na yanzu a gida suke tarawa su kai waje.

Da yawa daga cikinmu mun je Dubai ɗin nan. Mun kwana a ƙananan otal-otal na Deira, mun yi cinikin atamfa da wayoyi da gwal, mun ga titi tas ba leda ko ɗaya, famfo ba ya ƙafewa, wuta ba ta ko ƙiftawa. Abin burgewa ne, ba mu musa ba. To amma wa ya gina garin? Kafin a samu mai a 1966, Dubai ƙaramin gari ne na masunta da 'yan tireda a bakin ruwa. Mutanensa ne suka zuba abin da suka samu a ƙasarsu har ta zama abin da muke zuwa kallo. Darasin da ya kamata mu ɗauko ke nan. Sai muka baro darasin a can, muka koma muna taya su gini da kuɗinmu.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Wanda yake son bizar zama ta shekara 10 ta hanyar mallakar gida a Dubai, sai gidan ya kai dirhami miliyan 2. Wannan ya haura dala dubu 500, wato sama da naira miliyan 800 idan dala tana kan naira 1,500. Ban da kashi 4 cikin 100 na rajista, ban da kuɗin kula da gini da za ka riƙa biya duk shekara ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba. Kuma duk wannan bai sa ka zama ɗan ƙasa ba. Baƙo ne kai mai takarda, ranar da aka ga dama a canza doka.

Ai mun gani da idonmu. A ƙarshen 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates suka daina zuwa, abin bai warware ba sai a 2024. Mai neman sabuwar biza, ko da makullin gida a aljihunsa, sai dai ya kalli gidan a hoto. Masu cewa ai gida a can ba ya faɗuwa, su tambayi waɗanda suka saya kafin 2008, lokacin da farashi ya karye da kusan rabi aka bar gine-gine ba a ƙarasa ba. Dattawanmu kuma ba su manta 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia a Gana ta bai wa baƙi marasa takarda mako 2 su fice, mutane suka baro gidaje da shaguna suka dawo da ƙullin kaya a ka. Na baya-bayan nan shi ne Khartum a Afrilun 2023, inda yaƙi ya ɓarke aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma batun suna. A 2020 wani bincike na cibiyar Carnegie ta Amurka ya gano gidaje 800 a Dubai da ke da alaƙa da 'yan siyasa da manyan jami'an Najeriya, kuɗinsu ya kai kimanin dala miliyan 400. Mun san yawancin namu da guminsu suka tara, daga sarin dankali da kayan gwari da jigilar kaya da canji. Amma layin da suka shiga ke nan, kuma duniya ba ta tsayawa ta tantance.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba za mu raina ta ba. Za a ce: ku da kuke wannan surutu, kun manta 7 ga Satumban 2001? Kun manta Nuwamban 2008 da Janairun 2010? Kun manta bama-baman Terminus na Mayun 2014? Mutum ya yi shekara 20 yana tara abu, a wuni ɗaya ya zama toka. Ga naira kuma, tun 2023 take zubewa kamar gishiri a ruwa. Wa zai ga laifin wanda ya ajiye wani abu nesa da wuta?

Ba mu manta ba, don mu ma a nan muka binne namu. Kuma wanda ya ajiye wani kaso na dukiyarsa a inda hankalinsa ya kwanta, haƙƙinsa ne. Amma mu duba, in wutar ta tashi, su wa ke ciki? Mahaifiyar Alhaji tana Gangare, ƙannensa suna Unguwar Rogo, yaran shagonsa suna Rikkos. Ɗaki 2 da falo a Dubai ba zai ɗauki dangi ba. Sannan me ke hura wutar tun farko? Matashin da ya tashi ba makaranta ba sana'a, ya wuni a bakin titi yana shan ƙwaya, shi ne wanda ɗan siyasa ke saye da kuɗin taliya. Duk masana'antar da ba a gina a nan ba, wasu samari ne aka bari a hannun masu neman fitina. Mai kai kuɗinsa waje saboda tsoron rikici, da hannunsa yake ƙara wa rikicin itace.

Ga wata maganar da ta fi wannan ciwo. Shekara da shekaru ana ce mana baƙi a garin da aka haifi iyayenmu. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake wannan ja-in-ja, 'ya'yanmu na shan wahala kan takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kullum amsarmu ita ce nan ne gidanmu, ba mu da wani. To wace shaida muke bayarwa idan manyanmu suna ci a nan suna ajiya a wani wuri? Mai gida shi ke gyara rufi in yana yoyo. Wanda ya ga yoyo ya tattara ya kama ɗaki a wani gari, shi ya sa wa kansa sunan baƙo, ba sai wani ya sa masa ba.

Ku fita ku zaga. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone tun Fabrairun 2002, aka shafe sama da shekara 20 'yan kasuwarmu na rakuɓe a bakin titi. A Yulin 2012 ambaliya ta ci mutane sama da 30 a Rikkos da Gangare da kewaye, amma har yau in damina ta kankama masu gida a bakin rafin Dilimi ba sa barci da ido biyu rufe. Mata da yara na bin 'yan garuwa. Ajin firamare cike yake maƙil, yara a ƙasa. Kowa ya san kuɗin rijiyar burtsatse da na aji ɗaya, sai ya raba miliyan 800 ɗin nan ya ga amsa da kansa. E, aikin gwamnati ne, kuma ba za mu daina binta bashi ba. Amma dattawan garin nan ba su jira gwamnati ba. Alhaji Isiyaku Ibrahim da aljihunsa ya riƙe ƙungiyar ƙwallon Mighty Jets har sunan Jos ya zaga Najeriya. Masallatai da Islamiyyun da muka yi karatu a ciki, wasu ne suka gina su da kuɗin da su ma za su iya kaiwa wani wuri.

Abin dariya ma, wai hutu. Haba Alhaji! Turawan mulki da 'yan mishan nan suke gudowa su huta in zafin Kano da Legas ya ishe su, shi ya sa aka yi Hill Station da gidan hutu na Miango. Garin da ke sama da mita 1,200 daga teku, inda ake kwana da bargo, shi za ka bari ka tafi inda zafi ke wuce digiri 40, ka wuni a ɗaki da na'urar sanyaya iska? Ga duwatsun Shere, ga ruwan Assop, ga Rayfield. Da masu kuɗinmu sun haɗa hannu da maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere sun gina masaukai masu kyau a nan, da mutanen Abuja ne za su riƙa kawo mana kuɗin hutunsu, yaranmu da nasu suna aiki wuri ɗaya. Mutanen da ke cin abinci a akushi ɗaya ba sa saurin fasa shi.

Ba mu ce kowa ya sayar da abin da ya saya ba. Roƙonmu ga mai shirin saye shi ne ya fara tsayawa a layinsu ya duba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni su buɗe asusun wakafi mai amintattun mutane da lissafi a bayyane, kowane attajiri ya ɗauki abu ɗaya, ko aji, ko famfo, ko magudanar ruwa, ko koya wa yara 20 sana'a. Mu kuma 'yan majalisa mu rage yi wa hoton baranda kabbara. In aka miƙo mana waya, mu yi addu'a, sannan mu tambaya cikin ladabi: Alhaji, a nan gida fa, me aka gina?